Tarihin Gane Sinadaran da ke Cikin Gaurayen Ƙarfe

Tun zamanin da, maƙeran fari da dillalan zinariya kan gane ingancin ƙarfe ta hanyar goga shi a kan baƙin dutse su duba launin zanen da ya bari, ko su narka wani yanki nasa a wuta, gwajin da ke cinye abin da ake gwadawa.

Sauyi ya fara a shekarar 1895, lokacin da Wilhelm Röntgen na Jamus ya gano hasken eksire, wato hasken da ido ba ya gani amma yake ratsa jiki. Daga bisani Charles Barkla ya nuna cewa kowane sinadari, idan wannan haske ya dake shi, yakan fitar da nasa hasken na musamman, sannan a 1913 Henry Moseley, a Jami'ar Manchester, ya danganta ƙarfin hasken da lambar sinadarin a jadawalin sinadarai. Da wannan ƙa'ida aka gano sinadarin hafniyom a Kopenhagen a 1923.

Bayan ƙera leza ta farko a 1960, masana sun lura cewa idan aka tattara haskenta mai tsanani a kan ɗan ɗigon ƙarfe, wurin yakan rikiɗe ya zama filasma, wato iska mai matsanancin zafi wadda ke fitar da eksire na ɗan ƙanƙanin lokaci. Ana iya amfani da wannan eksire a haska gaurayen ƙarfe irin su tagulla, a tantance jan ƙarfe, kuza ko dalmar da ke ciki ba tare da an narka kayan ba.