Gasar Foka ta Duniya: Yadda Cacar Karta ta Samu Zakara da Kambu

Foka nau'i ne na wasan karta da ya bunƙasa a Amurka a ƙarni na 19. Ana buga shi da kuɗi: kowane ɗan wasa yana zuba kuɗi gwargwadon ƙarfin kartar da ke hannunsa, ko kuwa gwargwadon yadda zai iya yaudarar abokan wasa su ɗauka tana da ƙarfi. Tsawon shekaru ana buga shi a ɓoye a jihohi irin su Texas, inda doka ta hana caca. Jihar Nebada ce ta halatta gidajen caca a 1931, kuma a can aka haifi gasar.

Mafarin gasar

A 1969 an yi wani taron manyan 'yan caca na Texas a birnin Reno. A shekara ta gaba Benny Binion, mai gidan caca na Horseshoe a Las Vegas, ya ɗauki shawarar, ya gayyaci gwanayen wasan, ya sa wa taron suna World Series of Poker. A wannan karo na farko, a 1970, ba a fitar da zakara ta hanyar wasa ba. Mahalarta ne suka kaɗa ƙuri'a, suka zaɓi Johnny Moss, aka ba shi kofin azurfa.

A 1971 aka kafa tsarin da ake bi har yau: kowa ya biya kuɗin shiga iri ɗaya, wanda nasa ya ƙare ya tashi, a ci gaba har sai mutum ɗaya ya kwashe duka. Mutum shida suka biya dala 5,000 kowanne, Moss ya sake ci. A 1972 kuɗin shiga ya koma dala 10,000, Amarillo Slim Preston ya zama zakara, ya riƙa bayyana a talabijin yana tallata wasan. An fara ba da munduwar zinariya a 1976, shekarar da Doyle Brunson ya ci.

Abin da gasar ta sauya

Binion ya shirya gasar ne don ta jawo jama'a da 'yan jarida gidansa. Kambu da talabijin suka wanke wa caca fuska, aka fara kallon ɗan caca a matsayin gwani. Nasarar Hal Fowler a 1979, wanda wasan ba sana'arsa ba ce, ta sa kowa ya fara zaton zai iya. A 2003 Chris Moneymaker, wani akawu, ya samu gurbi ta intanet, ya ci dala miliyan 2.5 cikin mutum 839. A 2006 mahalarta sun kai 8,773. Kyautar zakara daga aljihun waɗanda suka faɗi take fitowa.

Dangantaka da Katsina

Foka bai yaɗu a ƙasar Hausa ba, kuma caca laifi ce a Jihar Katsina tun ƙaddamar da Shari'a a 2000. Sai dai salon da Binion ya bi, na tallata mutum ɗaya da ya ci a rufe bakin dubban da suka rasa, shi kamfanonin cacar ƙwallo ke bi a yau. Ta wayar hannu tallarsu ke isa Funtua da Malumfashi, inda kuɗin masara da auduga ke shigowa hannun matasa da kaka. A Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta soke Dokar Caca ta Ƙasa ta 2005, ta ce tsara harkar haƙƙin jihohi ne. Don haka nauyin yanzu yana wuyan Majalisar Dokokin Jihar Katsina.