Kaburburan Maijirgi: Alamar tarihin 1899 a kan hanyar Tasawa zuwa Damagaram

Maijirgi gari ne a gundumar Tasawa, jihar Maraɗi, a Jamhuriyar Nijar. Yana kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta tashi daga Yamai ta ratsa Dosso, Dogondutsi, Birnin Ƙonni da Maraɗi, ta wuce Damagaram har zuwa Diffa. A nan ne kaburburan wasu hafsoshin sojan Faransa biyu suke, Kaftin Paul Voulet da Kaftin Julien Chanoine, jagororin ayarin da ya yi ɗaya daga cikin kashe-kashe mafi muni a tarihin shigowar Turawa ƙasar Hausa. Yawancin matafiya kan wuce ba tare da sun san da su ba.

Asalin ayarin

A 1898 gwamnatin Faransa ta tura wannan ayari da nufin ya isa Tafkin Chadi daga yamma, ya haɗu da wasu ayarori biyu, ɗaya daga Aljeriya, ɗaya daga Kwango. A watan Janairun 1899 ya baro bakin kogin Kwara ya nufi gabas. Turawan cikinsa ba su kai goma ba, sauran kuwa sojojin Afirka ne da ɗaruruwan 'yan dako da aka kamo da ƙarfi. Da yake ba su da isasshen guzuri, duk garin da suka sauka sai sun ƙwace hatsi da dabbobi. Garin da ya ƙi kuwa a cinna masa wuta.

Ranar 16 ga Afrilu suka gwabza da mayaƙan Sarauniya Mangu a Lugu, cikin ƙasar Arewa. A watan Mayu suka afka wa Birnin Ƙonni, suka hallaka jama'a masu ɗimbin yawa, suka ƙone garin. Mutane da dama sun tsere kudu, zuwa yankunan da ke cikin Najeriya a yau.

Yadda suka ƙare

Labarin ta'asar ya isa Faris ta wasiƙar wani hafsa, Laftanar Peteau, wanda aka kora daga ayarin. Gwamnati ta umarci Laftanar-Kanar Klobb ya bi sawunsu ya karɓe jagoranci. Ƙonannun garuruwa da gawawwaki ne suka nuna masa hanya. Ya cim musu a Dankori ranar 14 ga Yuli, amma Voulet ya sa aka harbe shi. Daga nan Voulet ya shelanta wa mutanensa cewa ya fita daga biyayyar Faransa, zai kafa daular kansa. Sojojin suka yi tawaye: suka kashe Chanoine ranar 16 ga Yuli, washegari kuma aka harbe Voulet. Aka binne su a Maijirgi.

Mutuwarsu ba ta tsayar da mamayar ba. Sauran hafsoshin sun ci Damagaram a ƙarshen watan, kuma wani ɓangare na ayarin, ƙarƙashin Joalland da Meynier, ya kai Tafkin Chadi. Da su aka yi yaƙin Kusseri ranar 22 ga Afrilun 1900, inda aka kashe Rabeh. Shi ya sa wannan tarihi ya shafi mazauna Kamaru da Chadi kamar yadda ya shafi 'yan Nijar.

An ruwaito cewa a 1923 wani jami'in mulkin mallaka, Robert Delavignette, ya sa an buɗe kaburburan, aka tarar babu kowa ciki. Wannan ya ƙara wa jita-jitar cewa hafsoshin ba su mutu a lokacin ba ƙarfi, ko da yake masana tarihi ba su karɓe ta ba.

Waɗanda aka kashe fa?

Abin da ke ɗaukar hankali game da wurin shi ne, waɗanda suka yi kisan an san sunayensu, da ranar mutuwarsu, da makwancinsu. Dubban da suka kashe kuwa ba a rubuta sunayensu ba. Labarinsu ya rayu ne a bakin dattawa da maroƙa, a Ƙonni da Lugu da ƙauyukan da ke tsakani, inda har yau ake nuna wa baƙo wuraren da abin ya faru.

Daga baya aka soma adana labarin ta wasu hanyoyi. Abdoulaye Mamani ya fitar da littafinsa Sarraounia a 1980. Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin kuma ya lashe babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987. A 2020 aka fito da African Apocalypse, fim ɗin da ya bi wannan hanya gari-gari yana jin ta bakin jikokin waɗanda abin ya rutsa da su. Wasu daga cikin al'ummomin nan sun nemi Faransa ta amsa laifi, ta buɗe kundayenta, ta kuma biya diyya.

Muhawarar yau

Batun alamomin zamanin mulkin mallaka ya sake tasowa a Nijar. A watan Oktoban 2024 hukumomi suka sauya sunan titin De Gaulle na Yamai zuwa Djibo Bakary, suka kuma cire hoton hafsan Faransa Monteil daga wani dutsen tunawa, suka sa na Thomas Sankara.

Kaburburan Maijirgi sun bambanta da waɗannan, domin ba wanda ke kallonsu a matsayin karramawa. Shaida ce ta abin da ya faru, a daidai yankin da ya faru. Amma kabari ba ya bayani da kansa. Abin da zai sa matafiyi ya amfana shi ne rubutu a bakin hanya, da Hausa da Faransanci, mai ɗauke da shekarar 1899 da sunayen garuruwan da aka ƙone, tun daga bakin Kwara har zuwa Tasawa.