Kano zuwa Jidda: nisan tafiya da awannin da jirgi ke ci a sama

Tsakanin filin jirgin saman Malam Aminu Kano da filin Sarki Abdul'aziz na Jidda akwai tazarar kilomita kusan 3,400, idan aka auna ta a miƙe. Jirgin fasinja da ke gudun kilomita 800 zuwa 900 a awa kan cinye wannan tazara cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar, har da lokacin tashi da sauka. Agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da awa 2, don haka wanda ya bar Kano da ƙarfe 10 na safe zai tarar da biyar na yamma ta kusa a Jidda, ko da yake bai yi awa bakwai a sama ba.

Miƙaƙƙiyar hanyar tana ratsa sararin samaniyar Chadi da Sudan kafin ta tsallaka Bahar Maliya. Kudu da ita kaɗan ne tsohuwar hanyar alhazan ƙasa take, wadda ta bi ta Maiduguri da Darfur zuwa gaɓar teku a Sawakin. Tafiyar kan ci watanni ko shekaru, wasu ma ba su dawo ba. Zuriyarsu na cikin Hausawan Sudan na yau.

Sai dai wannan lissafi yana aiki ne kawai idan hanyar a buɗe take. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar ana saura 'yan makonni a fara jigilar alhazai. Zagayawa ta arewa na nufin tunkarar Libiya, wadda kamfanoni da dama suka daɗe suna ƙaurace wa saboda rashin tsaro. Zagayawa ta kudu kuwa, ta Afirka ta Tsakiya da gabashin nahiyar, ta ƙara wa tafiyar awanni, kuma kowace awa mai take sha, ga kuɗin ratsa samaniyar kowace ƙasa da ake biya daban.

Kamfanonin jiragen Najeriya suka ja daga wajen sa hannu kan yarjejeniyar jigila da hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, har sai da aka amince da ƙarin dala 250 a kan kujerar kowane maniyyaci. Ƙarin ya zo ne bayan an riga an sanar da kuɗin kujera, mutane da yawa sun gama biya, wasu ma sai da suka sayar da gona ko dabba kafin su haɗa. Muhawarar da ta biyo baya, kan ko gwamnati ce za ta ɗauki nauyin ko a zare daga guzurin alhazai, ta fi batun hanyar kanta ɗaukar hankali a lokacin.

Wanda ya sayi tikitin da ke yada zango a Alƙahira ko Addis Ababa kuma lissafinsa daban ne. Nisan yana ƙaruwa, zaman jiran jirgi na biyu ma kan kai tsawon tafiyar kanta.