Grenoble: yadda ake karanta tarihin birnin tsaunuka da tafiyar ƙafa

Grenoble birni ne a kudu maso gabashin Faransa, babban birnin yankin Isère, kuma tafiyar kimanin awa uku ce daga Paris a jirgin ƙasa mai gudu. Tsaunuka uku na Alpes sun sa shi tsakiya: Chartreuse daga arewa, Vercors daga yamma, Belledonne daga gabas. Shi kuwa garin shimfiɗe yake a kwari, inda kogin Drac ke zubawa cikin kogin Isère, babu hawa babu gangara. Baƙi da yawa wucewa kawai suke yi ta cikinsa zuwa wuraren wasan zamiya a dusar ƙanƙara. Amma tsohon garin ƙarami ne, ana gama shi da ƙafa cikin yini ɗaya, kuma wanda ya bi shi daki-daki zai ga shekaru dubu biyu na mutanen da suka yi ta fama da ambaliya, da sarki, da sojojin mamaya.

Asalin gari da sunansa

Sunan garin na farko Cularo. An fara ambatonsa a wata wasiƙar Rumawa ta shekara ta 43 kafin haihuwar Annabi Isa. A ƙarshen ƙarni na 3 Rumawa suka kewaye shi da ganuwa, wajen shekara ta 381 kuma aka sa masa sunan sarkinsu Gratien, aka kira shi Gratianopolis. Wannan suna ne bakin mutane ya yi ta gogewa har ya koma Grenoble. Daga baya ya zama babban birnin ƙasar Dauphiné, wadda sarkinta Humbert II ya kafa jami'ar garin a 1339, sannan bashi ya sa ya sayar wa Faransa da ƙasar a 1349. Tun daga nan ake kiran yarima mai jiran gadon sarautar Faransa da laƙabin Dauphin.

Dandalin Grenette da ranar jifa

Daga tashar jirgin ƙasa, tafiyar kwata ɗin awa ce zuwa dandalin Grenette, tsohuwar kasuwar hatsi, inda ya fi dacewa a fara zagayen. A titunan da ke kewaye da shi ne aka yi tarzomar ranar 7 ga Yuni 1788. Sarki Louis XVI ya ba da umarnin korar alƙalan babbar kotun Dauphiné daga garin, saboda sun ƙi amincewa da dokokin da suka rage musu iko. Ranar kasuwa ce, gari cike da jama'a. Mutane suka rufe ƙofofin gari don kada alƙalan su fita, wasu suka hau saman gidaje suna ɓamɓaro fale-falen jar laka na rufi suna jifan sojoji. Shi ya sa ake kiran ranar Journée des Tuiles. Sai da hukuma ta janye umarnin a ranar.

Makonni shida bayan haka, ranar 21 ga Yuli, wakilan malaman addini, da masu sarauta, da talakawa suka taru a fadar Vizille, kudu da garin, suka nemi a kira babban taron wakilan ƙasa. Taron da aka kira a 1789 shi ya buɗe ƙofar juyin juya halin Faransa, wanda duk ɗan lakwal ya karanta. Mutanen Grenoble na alfahari cewa a garinsu wutar ta fara kamawa.

Cikin waɗanda suka ga tarzomar akwai wani yaro ɗan shekara biyar, Henri Beyle, wanda duniya ta sani da suna Stendhal, marubucin littafin Le Rouge et le Noir. An haife shi a 1783 a titin da yanzu ake kira Jean-Jacques Rousseau, kuma gidan kakansa da ke Grande Rue, dab da dandalin, ya zama gidan tarihi. Ba nisa daga nan akwai lise mai ɗauke da sunansa, tsohuwar makarantar da Champollion ya yi karatu. Shi ne mutumin da ya warware rubutun tsoffin Misirawa a 1822.

Dandalin Saint-André

Daga Grenette a ratsa lambun Jardin de Ville, wanda a da gonar fadar Lesdiguières ce, kwamandan da ya mallaki garin daga 1590 ya faɗaɗa ganuwarsa. Taku kaɗan sai dandalin Saint-André. A gefe ɗaya fadar kotun nan ce da aka yi tarzoma dominta. An fara gina ta a ƙarshen ƙarni na 15, kuma an ci gaba da shari'a a cikinta har 2002. Fuskarta dutse ne kala biyu, fari da toka-toka, cike da sassaƙa. A ɗaya gefen majami'ar Saint-André ce, wadda aka fara ginawa a 1228. A tsakiya akwai mutum-mutumin Bayard, jarumin yankin da aka kashe a yaƙin Italiya a 1524. Mai son hutawa yana iya zama a Café de la Table Ronde, da aka buɗe a 1739, ɗaya daga cikin tsoffin gidajen shan kafe na Faransa.

Dandalin Notre-Dame

Ƙananan lunguna ne ke kaiwa dandalin Notre-Dame, inda babbar majami'ar garin take. A 1989, ana haƙa don shimfiɗa layin taragon cikin gari, ma'aikata suka ci karo da tsohon wurin wankan baftisma na Kiristocin farko. Yanzu ana sauka ƙarƙashin ƙasa ta gidan tarihin Ancien Évêché a gan shi, tare da ragowar ganuwar Rumawa. A tsakiyar dandalin akwai maɓuɓɓugar ruwa ta 1897, mai mutum-mutumi uku da ke wakiltar rukunan nan uku da suka taru a Vizille. Bayan majami'ar unguwar Très-Cloîtres ce, da ta daɗe tana karɓar baƙi, musamman ƴan arewacin Afirka, kuma a kewayenta ana samun mahauta da gidajen abinci na halal. Gidan zane-zane na Musée de Grenoble, wanda aka kafa a 1798, yana nan kusa, a bakin kogi.

Ƙetaren kogi

Gadar masu tafiya a ƙafa ta Saint-Laurent tana daidai inda gadar garin ɗaya tilo take a zamanin da. A watan Satumban 1219 wani tafki ya ɓalle a cikin tsaunuka da dare, ruwa ya ci garin ya tafi da gadar, mutane da yawa suka halaka. An sake yin wata babbar ambaliya a 1859. A ƙarshen gadar akwai sassaƙar 1843 ta zaki yana danne maciji: zakin shi ne gari, macijin kuma kogin Isère mai lanƙwasa.

Unguwar Saint-Laurent siririya ce, matse tsakanin kogi da dutse, kuma a da ma'aikata ƴan Italiya ne suka cika ta. A ƙarshen titinta akwai tsohuwar majami'ar Saint-Laurent, da aka mai da gidan tarihi. Ƙarƙashinta an tono kaburbura fiye da 1,500, da ɗakin ibada na ƙarni na 6 da ake kira Saint-Oyand.

Hawan Bastille

Daga nan hanya ke fara hawa zuwa Bastille, sansanin soja da ke kan dutse mai tsayin mita 476 daga teku, wato kimanin mita 260 sama da garin. An gina shi a rabin farko na ƙarni na 19 don tsare iyaka da ƙasar Savoie. A 1860 Savoie ta shiga Faransa, iyaka ta matsa, sansanin bai taɓa ganin yaƙin da aka gina shi dominsa ba. Hawa da ƙafa yana cin kusan awa ɗaya, da matakala masu yawa. Wanda gwiwa ba ta yarda ba sai ya shiga keken da ke rataye a igiyar ƙarfe, wanda ke aiki tun 1934, kuma ɗakunansa masu kama da ƙwallo na 1976 sun zama alamar garin. Daga sama ana bambance jajayen rufin tsohon gari da sababbin unguwanni, ana hango hasumiyar Perret ta 1925, idan sama ta washe har tsaunin Mont Blanc.

Zangon ƙarshe

Bayan saukowa, gidan tarihin gwagwarmaya da ke titin Hébert shi ne ya dace a rufe da shi. Ranar 11 ga Nuwamba 1943, lokacin mamayar Jamus, mutanen garin sun fito zanga-zanga duk da hani, aka kwashe ɗaruruwansu zuwa sansanonin gwale-gwale. Cikin makonni uku ƴan gwagwarmaya suka tarwatsa rumbunan makamai biyu. A 1944 Janar de Gaulle ya ba Grenoble lambar Compagnon de la Libération, wadda garuruwa biyar kaɗai suka samu.

Abin da ya kamata baƙo ya sani

Gidajen tarihin da hukumar yankin Isère ke riƙe da su, irin su Ancien Évêché da Saint-Laurent da na gwagwarmaya, kyauta ake shiga. Ranakun hutunsu sun bambanta, don haka a duba kafin a fita. Daga Mayu zuwa Oktoba ne yawo ya fi daɗi. A Yuli da Agusta kwarin yana riƙe zafi, gara a hau Bastille da sassafe. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa sai da rigar sanyi mai kauri, da takalmin da ba ya santsi.