Fumfuna Mai Guba a Ɗanyen Tumatir da Kauɗarsa: Nazarin Hanyoyin Gurɓata a Masarautar Gumel, Jihar Jigawa

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun tumatir daga gona zuwa tukunya a ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, domin gano wuraren da fumfuna mai fitar da guba ke samun kafar shiga. An ɗauki abin da ilimi ya tabbatar game da halayen Alternaria da Aspergillus da Fusarium da Penicillium, aka auna shi da yanayin yankin da yadda ake sarrafa tumatir a cikinsa. Maƙalar ta tsaya a kan cewa haɗarin ya fi taruwa a wurare biyu: irin tumatirin da ake warewa don shanya ko markaɗe, da kuma ajiyar kauɗa a cikin damina. Ta kuma nuna cewa ganin fumfuna a ɗakin gwaji bai wadatar ba sai an auna gubar ita kanta, musamman gubar Alternaria wadda sunan aflatoksin ya danne.

Muhimman kalmomi: tumatir, kauɗa, fumfuna, aflatoksin, Alternaria, Gumel

Gabatarwa

Kusan kashi 94 cikin 100 na nauyin tumatir ruwa ne, fatarsa siririya ce, tsaminsa kuma yana tsakanin 4.0 da 4.6 a ma'aunin tsami. Wannan tsami yana hana yawancin bakteriya sakewa, amma bai dami fumfuna ba. Shi ya sa mafi yawan ruɓar tumatir bayan girbi aikin fumfuna ce. Ƙiyasin da aka fi ambato a Nijeriya shi ne kashi 40 zuwa 45 na tumatirin da aka noma yana lalacewa kafin ya kai ga mai ci, kuma an saba kallon wannan a matsayin asarar manomi da ɗan kasuwa. Sai dai lalataccen tumatir ba duka ake zubarwa ba. Ana kasa shi da araha, ana yanka shi a shanya, ana kai shi inji. A nan ne maganar ta tashi daga asarar kuɗi ta koma ta lafiyar jama'a.

Duniya ta farga da gubar fumfuna ne a 1960, lokacin da 'ya'yan talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan cin abincin da aka haɗa da ƙuliƙulin gyaɗa daga Barazil. Daga nan aka gano aflatoksin, gubar Aspergillus flavus. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kwantar da mutum 317 a gabashin Kenya, 125 suka rasu. Tun daga lokacin hankalin masu bincike a Afirka ya karkata ga gyaɗa da masara, kayan miya kuwa suka samu kaso kaɗan, alhali babu ranar da ba a ɗora miya a gidan Bahaushe.

Farfajiyar nazari

Ƙananan hukumomin huɗu suna arewacin Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Kano a 1991. Ƙasa ce ta jigawa da rairayi, ta gero da dawa da wake da riɗi da zoɓo. Damina gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba. Babu babban kogi a yankin, don haka noman rani ya taƙaita ga fadamu da wuraren da aka haƙa rijiyoyin burtsatse, kuma tumatir mai yawa daga waje yake shigowa, daga kwarin Hadeja da filayen ban-ruwa na Kano irin su Kadawa. Kasuwar Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis a bakin iyakar Nijar, da kasuwar Gujungu a maƙwabciyar ƙaramar hukumar Taura, suna cikin manyan wuraren da kayan abinci ke sauya hannu.

Abubuwa biyu suka biyo bayan wannan. Ɗanyen tumatir yana yin tafiya a cikin kwanduna, wani kan wani, a zafin da kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Sannan idan kakar tumatirin rani ta wuce ya yi tsada, gidaje da masu sayar da abinci sukan koma ga kauɗa da tumatirin gwangwani da na leda. Wato dai a wani yanki na shekara, tumatirin da ake ci ya yi watanni a ajiye.

Nau'o'in fumfuna da gubarsu

Alternaria alternata ita ce babbar mai ruɓar da nunannen tumatir. Ita ke yin baƙin tabo mai lotsawa, galibi kusa da hanci ko inda fata ta tsage ko rana ta ƙona. Tana fitar da alternariyol da danginsa alternariyol monometil ita, da asid ɗin tenuwazonik, da tentoksin. Gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna cewa biyun farko suna taɓa ƙwayoyin gado, asid ɗin tenuwazonik kuma yana hana ƙwayar halitta haɗa furotin. Tana son danshi sosai da matsakaicin zafi wajen digiri 25, amma sanyi ba ya tsayar da ita. Hasali ma tumatirin da sanyin firji ya buga ya fi saurin kamuwa.

Aspergillus flavus a cikin ƙasa take zaune, ƙura ke ɗaukar irinta. Ta fi bunƙasa a zafi sama da digiri 30, kuma tana iya girma a abin da ya riga ya fara bushewa, inda Alternaria ba ta iya komai. Hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa aflatoksin a rukuni na farko, na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji ga ɗan Adam. Hanta yake kamawa, kuma haɗarin yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a ƙasar nan. 'Yar'uwar Aspergillus flavus, wato Aspergillus niger mai baƙin gari, wasu jinsunanta suna fitar da okratoksin mai illa ga ƙoda. Penicillium expansum tana fitar da fatulin. Fusarium oxysporum ta fi shahara da sa shukar tumatir yaushi a gona, wasu danginta kuma suna ruɓar da 'ya'yan. Rhizopus stolonifer, wadda ke narkar da tumatir ya zama ruwa a gindin kwando, ba a san ta da wata babbar guba ba, amma ruwan da take zubarwa yana jiƙa sauran ya buɗe wa masu gubar hanya.

Inda gurɓata ke faruwa

Fumfuna ba ta cika huda lafiyayyar fata ba, rauni take nema. Raunin kan fara tun a gona. Tsutsar Tuta absoluta, wadda ta yi wa gonakin tumatir na Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa mummunar ɓarna a 2016, tana huda 'ya'yan, kuma kowane hudu ƙofa ce. Sai kwando: tsinkensa yana soke na gefe, nauyi yana matse na ƙasa, sannan ana maimaita amfani da shi ba wanki, da busasshen ruwan ruɓar da ta gabata a jikinsa.

Maganar shanya tana buƙatar a yi mata adalci. Iskar rani a Gumel da Maigatari busasshiya ce ƙwarai, kuma tumatirin da aka yanka aka baza da kyau yana bushewa da wuri. Masana suna auna abin da za a kira sakakken ruwa, wato ruwan da ƙwayar cuta ke iya amfani da shi, a ma'auni daga 0 zuwa 1. Ɗanyen tumatir yana wajen 0.99. Alternaria tana daina yin guba idan aka sauka ƙasa da wajen 0.90, Aspergillus flavus tana jurewa har wajen 0.80, ƙasa da 0.65 kuwa kusan babu fumfunar da ke girma. Rana da iskar yankin suna tsallakar da tumatir daga wannan tazara mai haɗari cikin 'yan kwanaki. Saboda haka, a ganina, yanayin bai zama babban mai laifi ba. Matsalar tana ga abin da ake yankawa. Manomi yakan shanya ne idan kasuwa ta cika farashi ya faɗi, kuma abin da ke zuwa wurin shanya sau da yawa shi ne wanda ya kwana bai sayu ba, ya nuna ya wuce, ya fara tabo. Gubar da Alternaria ta riga ta zuba ba ta tashi da ruwan. Lissafi mai sauƙi ya nuna cewa kilo 100 na ɗanyen tumatir yana komawa kilo 7 na kauɗa ko kusa da haka, don haka abin da ke cikin kowane kilo ya ninku kusan sau 14. Gaskiya ne cewa kauɗa kaɗan ake sa wa miya, amma duk gubar da ta shiga wurin shanya tana nan a cikin buhu. Idan kuma a kan ƙasa aka baza, ko a gefen titi, ƙura ta ƙara mata irin Aspergillus.

Wannan iri yana kwance ba ya motsi muddin kauɗar tana bushe. Damina ce ke tayar da shi. Kauɗa tana da sukari, tana kuwa jan danshi daga iska. A watan Agusta, buhun da aka jingina da bango ko aka ajiye a daɓe, a shago ɗaya da gyaɗa da masara da busasshen barkono, yana iya komawa daidai matakin danshin da Aspergillus ke so, ga kuma ɗumi. 'Yan kasuwa sun san kauɗar da ta ga damina: ta yi baƙi, ta yi laushi, ƙamshinta ya sauya, farashinta ya sauka. Mai ƙaramin ƙarfi ne ke sayenta, kuma wannan ne abin da ya fi damuna a cikin lamarin gaba ɗaya.

A madafa ana dogara da abubuwa biyu, yanke wurin da ya ruɓe da kuma dahuwa. Dukansu ba su kai yadda ake zato ba. A nama mai ruwa irin na tumatir, zaruruwan fumfuna da gubarta suna wuce iyakar tabon da ido ke gani. Tafasa tana kashe fumfunar, amma aflatoksin ba ya wargajewa sai zafi ya haura digiri 250, gubar Alternaria kuma ta fi jure wuta a cikin tsami, wanda shi ne halin miyar tumatir. Injin markaɗe yana gauraya mai kyau da marar kyau, ja ya rufe komai.

Tumatirin gwangwani da na leda ma a kan wannan ƙa'ida suke: abin da aka zuba a tukunyar masana'anta shi ke fitowa a dunƙule. Tun 1911 Burton Howard na ma'aikatar noma ta Amurka ya fito da hanyar ƙirga zaruruwan fumfuna a madubin ƙara girma don gane ko da ruɓaɓɓen tumatir aka yi kayan, kuma har yau ana amfani da ita.

Ma'aunai da abin da suke nufi

A 2011 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta fitar da ra'ayinta kan gubar Alternaria, ta sa nanogiram 2.5 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana a matsayin matakin da ya kamata a fara damuwa da alternariyol da danginsa, nanogiram 1,500 kuma ga asid ɗin tenuwazonik. A Afrilun 2022 Tarayyar ta ba da shawarar sa ido da matakan ishara ga sarrafaffen tumatir: maikurogiram 10 a kilo ga alternariyol, 5 ga alternariyol monometil ita, 500 ga asid ɗin tenuwazonik. Waɗannan ba iyakokin haramci ba ne, alama ce ta a binciki musabbabi. Duk da haka lissafin yana da faɗakarwa. Mutum mai kilo 60 matakinsa nanogiram 150 ne a rana, kuma giram 15 na tumatirin da ke ɗauke da maikurogiram 10 a kilo ya kai shi nan. Yaro mai kilo 15 ba ya buƙatar ko giram 4. Shawarar ta 2022 ta haɗa har da riɗi, wanda Maigatari ta yi suna da cinikinsa, don haka ƙwarewar auna wannan guba za ta amfani yankin ta fuska biyu.

Abin da bincike a yankin ke buƙata

Hanyar da aka fi bi a jami'o'inmu ita ce a sayo ruɓaɓɓen tumatir, a shuka shi a faranti mai abincin dankali, a duba launi da siffa, a ba da kason kowane nau'i. Aiki ne mai amfani, amma yana da iyaka. Rhizopus da Aspergillus niger suna saurin mamaye irin wannan faranti su rufe Alternaria mai tafiyar hawainiya, sai sakamako ya rage mata matsayi. Sannan samun Aspergillus flavus ba hujja ce ta samun aflatoksin ba, domin jinsuna da yawa ba sa yin gubar. A kan wannan ne ma cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan ta gina Aflasafe, wanda ake watsa jinsuna marasa guba a gonar gyaɗa da masara su kori masu guba. A ɗaya gefen, kayan da aka dafa ko aka busar suna iya fitowa babu fumfuna mai rai, alhali gubar tana ciki.

Binciken da zai amsa tambayar masarautar Gumel dole ne ya ɗauki samfuri iri uku daga kasuwanni guda: ɗanye mai kyau, ɗanye mai tabo, da kauɗa, tare da markaɗaɗɗe daga bakin inji. Ya auna sakakken ruwan kowace kauɗa, ya yi amfani da faranti mai hana mamaya, ya tabbatar da nau'i ta ƙwayoyin gado, ya kuma auna aflatoksin da okratoksin da gubar Alternaria a cikin samfurin kansa. Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa suna kusa da filin, cibiyar binciken noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero da reshen Kano na cibiyar binciken adana amfanin gona suna da masana, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC kuma tana da ɗakin gwajin gubar fumfuna a Legas. Mafi muhimmanci shi ne lokaci. A bi buhuna ɗaya na kauɗa, a auna su a watan Maris da aka gama shanya, a sake aunawa a Yuni, sannan a Satumba. Idan gubar Alternaria ce ta fito tun a awon farko, gyaran yana wurin tsince tumatir kafin yanka da shanya a kan gado ko tamfol. Idan aflatoksin ne ya hau tsakanin Yuni da Satumba, to buhu marar shan iska da katakon ɗora kaya a shago ne abin da malaman gona na hukumar bunƙasa noma ta jihar, wato JARDA, za su kai wa 'yan kasuwar Gumel da Maigatari.