Gwal ɗin da ke ratsa Pantekar Dei-Dei

Mu da muka tashi a harkar gwangwan a Dei-Dei, da ƙarfe muka buɗe ido. Tun da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a Disambar 1991 ake gini ba dare ba rana, kuma duk inda aka yi gini ko rusau, ba a rasa guntayen rodi, tsohon kwano da wayar wuta. Masu tura kura su zaga unguwanni su tattaro, a kawo Panteka a ɗora a sikeli. Iyayen gidanmu daraja uku suka sani: baƙin ƙarfe, alminiyam, sai jan ƙarfe wanda ya fi su duka kuɗi. In tsohuwar rediyo ko talabijin ta zo, a fasa ta a zare jan ƙarfen. Koren allon da ke ciki, wanda muke kira fanel, bola ake mayar da shi, ko a cinna masa wuta.

Abu biyu suka sauya lissafin. A 2001 wayar salula ta shigo Najeriya, cikin ƴan shekaru kowane gida ya tara matattun wayoyi. Sai kuma kwamfutocin gwanjo daga Turai da Amurka. A 2005 ƙungiyar Basel Action Network ta ba da rahoton cewa kwantena kusan 500 na irin wannan kaya ke sauka a Legas duk wata, kuma masu sana'ar a can sun ce har kashi 75 cikin ɗari ba ya gyaruwa. Daga kasuwannin Alaba da Ikeja kayan suka yi ta haurowa Arewa. Abuja kuma tana da nata rabon: ma'aikatu, bankuna da manyan ofisoshi da ke sauya na'urori su yi gwanjon tsofaffin.

Daga nan dillalai suka fara shigowa suna tambayar fanel da kilo. Da farko ko ba su bayyana dalili ba, farashin ya bayyana shi. Akwai gwal a ciki. Masu ƙera na'ura suna shafa shi a duk inda wuta za ta ratsa daga wani sashe zuwa wani, domin ba ya tsatsa: gefen katin RAM, ƙafafun firosesa, bakin sim. Shafin bai kai kaurin ɓawon albasa ba. Wayar hannu ɗaya ba ta wuce kusan giram 0.03, wato sai ka tara fiye da talatin kafin ka yi maganar giram guda.

A nan ne ainihin gwanintar ƴan Panteka ta fito, kuma ita ce ba a cika yabawa ba. Yaron da bai yi boko mai nisa ba zai ɗaga fanel, ya duba launinsa da yawan baƙaƙen ƙwayoyin da ke kansa, ya gaya maka na talabijin ne marar daraja, ko na kwamfuta, ko na injin sadarwa mai tsada. Mun koyi cewa tsoho ya fi sabo albarka, domin kamfanoni sun yi ta rage gwal da tafiyar zamani. Firosesa mai jikin tangaran irin 486, ko Pentium Pro ta 1995, ba a haɗa ta buhu ɗaya da ta yau. Wanda ya cakuɗa kaya, farashin mafi arha za a biya shi. Wannan ilimi ba a aji aka samo shi ba, a bakin sikeli ne, daga maigida zuwa yaronsa.

Amma gwal ɗin ba a Dei-Dei yake fita ba. A ɗure buhuna, a loda zuwa Legas, a shiga kwantena. Ƙarshensa manyan matatun waje ne, irin ta kamfanin Umicore da ke Hoboken a Beljiyam, inda ake fitar da ƙarafa 17 daga irin wannan kaya, har da azurfa da faladiyam. Mu ladan tsinta da tantancewa muke ci.

Shi ya sa da farashin gwal ya haura dala 3,000 kowane oza a Maris 2025, matasa suka fara kallon bidiyo a waya suna cewa su ma za su tace da kansu. Ina roƙonsu da babbar murya su bari. Hanyar ita ce haɗa asid iri biyu masu ƙarfi, kuma jan hayaƙin da ke tashi yana cin huhu, wani lokacin sai bayan sa'o'i mutum zai ji numfashinsa na sarƙewa. Ruwan da ya rage, cike da dalma da sauran guba, kwata ake zuba shi, daga nan ya gangara rijiya. Garin Guiyu na ƙasar Sin ya bi wannan hanya, aka riƙa samun dalma mai yawa a jinin yaransa. Mu ma mun ga namu: a 2010, sarrafa duwatsun gwal cikin gidaje a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da Bagega ya yi ajalin yara aƙalla 400 saboda gubar dalma. Ga shi kuma mai tacewa a bayan shago yakan zubar da azurfa da faladiyam bai sani ba.

Dokoki akwai su. An kafa hukumar kare muhalli ta NESREA a 2007, ta fitar da ƙa'idojin kayan lantarki a 2011, a 2018 kuma aka kafa EPRON don masu ƙera kaya da masu shigo da su su ɗauki nauyin shararsu. Sai dai abin da ya iso rumfunanmu da ƙarfi shi ne matakin Janairun 2025, lokacin da hukumar Abuja ta haramta baban bola, ta rufe kasuwannin panteka na mako biyu saboda satar murafen magudanan titi da wayoyin wuta. Satar gaskiya ce, kuma duk mai sayen kayan sata ya ci amanar sana'a. Amma rufewa kaɗai ba ta kashe aikin. Da aka rushe pantekar Agbogbloshie a Akara a Yulin 2021, masu fasa na'urori cikin unguwanni suka watsu. Abin da muke nema a Dei-Dei shi ne rajistar dillalai, rumfar tara fanel mai daɓen siminti, da mai saye mai lasisi wanda zai gwada samfurin buhu a gabanmu ya biya gwargwadon abin da ke ciki.