Daga Ina Muka Samo Kalmar "Sallama"?

 

Wata ɗalibata ce ta tambaye ni: Malam, me ya sa wanda ya tsaya a zaure yake sallama, wanda zai tafi ya yi sallama, ɗan kasuwa kuma idan ciniki ya faɗa ya ce "na sallama"? Sai da na koma gida na buɗe ƙamus kafin na iya ba ta amsa.

Asalin kalmar Larabci ne, daga haruffa uku: sinun, lamun, mimun, tushen da ya ba mu Musulunci da salama. Fi'ilin sallama, yusallimu, tasliman yana ɗauke da ma'anar gaisuwa da aminci, da miƙa abu ga mai shi, da miƙa wuya. A Suratun Nur aya ta 27 an hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama. A Suratun Nisa'i aya ta 65 kuwa, taslimi yarda ce da hukuncin Manzon Allah (SAW) ba tare da ƙunci a zuciya ba. Wato Bahaushe ma'anonin duka ya ara.

Tarihin Kano ya ce Wangarawa daga Mali ne suka kawo Musulunci zamanin Sarki Yaji (1349–1385), kuma ta hanyar malamai da fatake irin waɗannan kalmomin addini suka shiga bakin jama'a. Muna da tamu ta gado, wato iso, daga "isa": baƙo ya tsaya, a shiga a yi masa iso. Sallama ba ta kori iso ba, sun raba aiki ne. Baƙo ke sallama, ɗan gida ke iso. Har fada kalmar ta shiga, inda Sallama ya zama ɗaya daga manyan bayin Sarkin Kano tare da Shamaki da Ɗan Rimi.

Abin da ke damuna shi ne mun riƙe lafazin mun saki hukuncin. Yaro na cewa "salamu alaikum" ƙafarsa ta riga ta kai tsakar gida, mata na neman mayafi. Alhali Abu Musal Ash'ari (RA) ya nemi izini sau uku a ƙofar Sayyidina Umar, da bai ji amsa ba sai ya juya. Da Umar ya nemi shaida cewa haka Annabi (SAW) ya koyar, Abu Sa'idil Khudri ne ya tashi ya ba da ita.